ZARE: Kish, abincin ƙauye daga yankin da ya sauya ƙasa sau 4 🧵

1/ Jama'a, a watan Afrilun 2023 fadar Buckingham ta sanar da abincin bikin naɗin Sarki Charles III: kish mai alayyafo da wake da cuku. Kafin a ce kwabo wasu Faransawa sun yi tsalle sun dire, suka ce wannan sam ba kish ba ce. Rigimar tana da tarihin sama da shekara 400 a bayanta. Ku biyo ni 👇🏾

2/ Da farko dai, mece ce kish? Quiche ake rubutawa, "kish" ake furtawa. Ka ɗauki irin ɓawon fulawar nan na mit-fai, ka shimfiɗa shi a faranti mai ɗan zurfi, ka zuba ƙwai da aka kaɗa da kirim, ka gasa ba tare da ka rufe samanta ba. Idan ta gasu a yanka kamar kek.

3/ Kirim ɗin da nake nufi shi ne maiƙon da ke tasowa a saman madarar shanu idan ta kwana. Ba na shafawa ba, kada wani ya je ya yi ɓarna 😂 A yau ana zuba mata alayyafo, albasa, tumatir, cuku, kifi, duk abin da ya samu. A kan wannan "duk abin da ya samu" ɗin ake faɗa.

4/ Masu kishin ta asali suna cewa kish ɗaya ce tak, ta yankin Loren. Kayanta uku ne a cikin ɓawo: ƙwai, kirim da kyafaffen naman alade. Babu cuku, babu ganye, babu albasa. A wurinsu duk wanda ya ƙara wani abu to ya yi wani abincin ne daban, ya je ya nema masa suna.

5/ Abin da zan nuna muku a zaren nan shi ne, ita kanta wadda ake kira ta asalin daga baya ta zo. Gasa ƙwai da cuku da ganye a cikin ɓawon fulawa ya girme ta da ɗaruruwan shekaru. Amma kuma mutanen Loren suna da dalilin da ya sa suke riƙe sunan da hannu biyu. Mu fara da ƙasar.

6/ Loren, ko Lorraine a rubutun Faransanci, yana arewa maso gabashin Faransa. Ya yi iyaka da Jamus, Lukzambog da Beljiyom. Manyan biranensa su ne Nancy da Metz. Ƙasa ce ta sanyi da dazuzzuka da shanu, daga baya kuma ta zama ta ƙarfe da kwal. Ka riƙe maganar iyakar nan, ita ce zuciyar labarin.

7/ A shekarar 843, jikokin Sarki Charlemagne su uku suka raba daularsa a garin Verdun. Ɗaya ya ɗauki yamma, wadda ta zama Faransa. Ɗaya ya ɗauki gabas, wadda ta zama Jamus. Babbansu, Lothair, ya samu zirin tsakiya. To kun san wanda ya zauna tsakanin 'yan'uwa biyu masu ƙarfi ba ya barci da ido biyu.

8/ A 855 ɗansa Lothair II ya gaji arewacin wannan ziri, aka riƙa kiran wurin da sunansa, Lotaringiya, wato ƙasar Lothair. Jamusawa suka lanƙwasa shi ya zama Lothringen, Faransawa suka ce Lorraine. Tun daga lokacin maƙwabtan nan biyu ke jan yankin, kowa na cewa nasa ne.

9/ Har bakin mutanen ya rabu biyu. A kudu da yamma ana yin karin harshe ɗan'uwan Faransanci, a arewa maso gabas kuma ana yin ɗan'uwan Jamusanci. Shi ya sa masana harshe da dama ke danganta kalmar kish da Kuchen, wato kek a Jamusanci. Abincin da ake wa kallon tambarin Faransa, sunansa na ƙamshin Jamus.

10/ A rubuce, an ga kalmar a takardun birnin Nancy a 1605. A lokacin Loren ba ta ma cikin Faransa, masarauta ce mai cin gashin kanta. Sunan mai sarautarta a lokacin? Charles III, wanda ya yi mulki daga 1545 zuwa 1608. E, takwaran Sarkin Ingila na yanzu. Ikon Allah, tarihi ma yana da barkwanci.

11/ Sai a 1766 Loren ta shiga Faransa gaba ɗaya, bayan mutuwar sarkinta na ƙarshe, Stanislas, tsohon sarkin Poland kuma surukin Sarki Louis XV. Kalmar kish kuwa ba ta bayyana a rubutun Faransanci gama-gari ba sai a 1805. Wato ta yi shekara 200 tana abincin gida, Paris ba ta san da ita ba.

12/ To yaya kish ɗin wancan zamanin take? Da kwaɓin biredi ake yin ta, irin na fiza, shimfiɗaɗɗe kuma siriri. A kai sai a zuba ƙwai da kirim da aka kaɗa, haɗin da mutanen Loren ke kira migaine har gobe. Wani lokaci a ɗan yanka man shanu a kai. Shi ke nan fa.

13/ Dalilin kwaɓin biredin shi ne tanderu. A ƙauyukan Faransa da yawa ba kowa ke da tanderu a gida ba. Akwai na gari guda ɗaya, sau da yawa mallakar mai ƙasar ne, kuma dole ka gasa a nan ka biya. Juyin juya halin 1789 ne ya zo ya kawar da wannan tilas ɗin.

14/ Hura tanderu na cin itace, don haka ba kullum ake yi ba. Ranar gashi mace za ta kwaɓa biredin kwanaki da yawa. Ɗan ragowar kwaɓin sai ta murza shi, ta fasa ƙwai biyu ko uku, ta ɗebo kirim, ta tura cikin wutar. Yara su samu na ci da zafinsa kafin biredi ya huce.

15/ Ka ga ke nan kish ta faro ne a matsayin abincin kada-a-yi-asara. Ba a sayen komai dominta. Kaji na tsakar gida, saniya na garke, wuta an riga an hura. Maƙwabtansu na Alsas ma suna da irinta mai suna flammekueche, mai albasa, wadda da ita ake gwada zafin tanderu kafin a sa biredi.

16/ Ina naman aladen da aka ce shi ne asali? A ƙarni na 19 ya zama ɗan gida a cikinta. A wannan zamanin ne kuma kwaɓin biredi ya fara ba da wuri ga ɓawo mai bota, wanda ke rugurgujewa a baki. Wato "ta asalin" da ake karewa yau, a idon kakannin kakanninsu sabon salo ce.

17/ Yanzu mu tsallaka teku zuwa Ingila, mu koma baya sosai. Wajajen 1390, masu dafa wa Sarki Richard II abinci suka tattara girke-girkensu a wani kundi mai suna The Forme of Cury. Yana cikin tsofaffin littattafan girki da ake da su a harshen Ingilishi, kuma kwafinsa na nan har yau.

18/ A cikinsa akwai wani gashi na ranakun da Coci ta hana cin nama. Ana tafasa albasa da ganyayyaki, a matse ruwan, a yanka ƙanana, a haɗa da ƙwai da bota da kayan ƙamshi, a gasa a cikin ɓawon fulawa. Akwai kuma wani na ƙwai da cukun Brie. Ku faɗa min, me wannan ya yi kama da shi?

19/ Wato sama da shekara 200 kafin a ga kalmar kish a Nancy, Ingilawa suna gasa ƙwai da ganye da cuku a ɓawo. Ba su kira shi kish ba, amma ɗan gidan ne. Don haka mai zuba alayyafo da cuku a 2023 bai ƙirƙiro bidi'ar girki ba. Sunan kawai ya aro daga Loren.

20/ Sai tambaya ta gaba: me ya haɗa wannan abinci da watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da sanyi ke janyewa a Turai, wanda Turawa ke kira spring? Har yau idan ka ga hotunan kish sun cika intanet, to lokacin ne ya zagayo. Amsar tana wurin kaza, saniya da kuma Coci.

21/ Kaza da hasken rana take aiki. Tana son wajen awa 14 na haske a yini kafin ta yi ƙwai yadda ya kamata. A hunturun Turai rana gajeriya ce, sai kaji su kusan daina yi. Da yini ya fara tsawo a Maris, sai su dawo aiki gadan-gadan. Kafin zuwan lantarki, ƙwai abin lokaci ne kamar mangwaro.

22/ Matsalar ita ce daidai wannan lokacin Kiristocin Turai ke azumin kwana 40 kafin Ista, wanda ake kira Lent. A zamanin da, ba nama kaɗai aka hana ba, har da ƙwai da madara da bota da cuku. Su kuwa kaji ba ruwansu da dokar Coci, ƙwai kawai suke zubawa.

23/ Dokar ta yi tsanani har masu hali suka riƙa biyan kuɗi don a ba su izinin cin bota a cikin azumin. A babban cocin birnin Rouen akwai wata hasumiya da ake kira Hasumiyar Bota, saboda an danganta gina ta da irin waɗannan kuɗaɗe. Mai kuɗi dai ko a ina yana da ƙofar baya.

24/ To ranar Ista sai a wayi gari da tulin ƙwai na makonni, dole a cinye kafin su lalace. Ga shanu sun fita daga rumfa sun hau sabuwar ciyawa, madara ta yi yawa ta yi maiƙo. Ga ganyen farko ya fito a lambu bayan wata da watanni ana cin kabeji da busasshen wake.

25/ Ƙwai, kirim, ɗanyen ganye, duk a lokaci guda. Shi ya sa ƙasashen Turai da dama ke da irin wannan gashi a wannan lokacin. A Genoa ta Italiya akwai torta pasqualina ta Ista, mai ganye da cuku da ƙwai. A al'ada ana cewa a yi mata falle 33, adadin shekarun Annabi Isa a wurin Kiristoci.

26/ A Loren ma, a al'ada ranar 1 ga Mayu ce ranar cin kish. To amma abincin ƙauye ne, wanda ko a Paris da wuya a gan shi. Me ya fitar da shi duniya? Ba talla ba ce, ba kuma wani shahararren kuku ba ne ya fara. Yaƙi ne da gudun hijira.

27/ A Yulin 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia. Faransa ta sha kashi, har aka kama sarkinta Napoleon III a Sedan. A yarjejeniyar Frankfurt ta 10 ga Mayun 1871, sabuwar daular Jamus ta karɓe kusan duk Alsas da wani babban yanki na Loren. Metz ta koma Jamus, Nancy ta tsaya a Faransa.

28/ Sai aka ba mutanen zaɓi mai ɗaci. Duk mai son ci gaba da zama Bafaranshe, to ya rubuta haka, kuma ya tattara ya bar yankin kafin 1 ga Oktoban 1872. Idan ka zauna, kai Bajamushe ne, kuma 'ya'yanka maza za su yi wa Jamus aikin soja. Gonarka da kabarin iyayenka, ko ƙasarka: zaɓi ɗaya.

29/ Dubun-dubatar mutane suka tashi. Wasu suka tsallaka Nancy, wadda yawan jama'arta ya ninka fiye da sau biyu kafin 1914. Wasu suka nufi Paris. Wasu kuma gwamnati ta kai su Aljeriya ta ba su filaye, ciki har da waɗanda aka ƙwace daga 'yan ƙasar bayan boren 1871. Wanda aka kora ya je ya zauna a gonar wani.

30/ Mai hijira ba ya iya ɗaukar gida, amma yana tafiya da girkin uwarsa. 'Yan gabas suka buɗe gidajen abinci a Paris. Sanannen cikinsu shi ne Brasserie Lipp, wanda wani ɗan Alsas, Léonard Lipp, ya buɗe a 1880, kuma yana nan har yau. Ta irin wannan hanya girkin gabas ya fara shiga bakin mutanen babban birni.

31/ Kuma a lokacin sunan Loren kansa ya zama ciwo a zuciyar Faransawa. A taswirorin makaranta ana shafa wa yankunan da aka rasa launin makoki. Don haka abinci mai ɗauke da sunan Loren yana tafe da wani nauyi da ya wuce ɗanɗano. Kana ci kana tuna ƙasar da aka ƙwace.

32/ Ku ƙirga da ni. 1871: Jamus. 1918, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya: Faransa. 1940: Jamus ta Hitler. 1944 zuwa 1945: Faransa kuma. Wanda aka haifa a Metz a 1865 ya kai shekara 80, ya sauya ƙasa sau 4 ba tare da ya matsa daga unguwarsu ba.

33/ Kowane sauyi na zuwa da sabon harshen makaranta, sabbin sunayen tituna, sabon kakin soja. A Yaƙin Duniya na Biyu an tilasta wa samarin Alsas da Loren kusan 130,000 shiga rundunar Jamus. Ana kiran su malgré-nous, ma'ana "ba da son ranmu ba". Dubbai daga cikinsu ba su dawo gida ba.

34/ Ka ajiye wannan a ranka, za mu dawo kansa. Bayan 1945 ne kish ta yi fiffike. Sunanta ya riga ya fara bayyana a jaridun Amurka tun 1925, amma sai a shekarun 1950 ta fara zama sananniya a Birtaniya da Amurka, lokacin da girkin Faransa ya zama abin yayi a gidajen masu ɗan hali.

35/ A 1961 wata Ba'amurkiya, Julia Child, tare da abokan aikinta Faransawa biyu, Simone Beck da Louisette Bertholle, suka fitar da littafin Mastering the Art of French Cooking. A 1963 ta fara shirinta na talabijin daga Boston. Matan Amurka suka ga ashe kish ba ta fi ƙarfin kicin ɗinsu ba.

36/ Abin lura, littafin ya faɗa ƙarara cewa kish ɗin Loren ta gargajiya babu cuku a cikinta. Amma kuma ya kawo wasu nau'o'in, masu cuku, masu alayyafo, masu albasa. A Ingila ma marubuciya Elizabeth David ta yi ƙorafi a kan cukun, ta ɗora laifin a kan kukun Paris. Ƙorafi bai hana komai ba.

37/ Me ya sa cuku ya yi nasara? Kish ta ƙwai da kirim zalla tana da wuyar sha'ani: minti kaɗan ya wuce ta tsinke ta yi ruwa. Cuku yana ɗaure ta, ya ba ta ɗanɗano ko da an rage kirim an sa madara mai araha. Ga mai shago da ke son yanka ya sayar, ai magana ta ƙare.

38/ Har sunaye aka raba don a zauna lafiya. Idan an sa cukun Gruyère a ce vosgienne, da sunan duwatsun Vosges. Idan an sa albasa a ce alsacienne. Idan alayyafo ne a ce florentine. Amma a kantunan duniya wa ya damu? Kowa Lorraine yake liƙawa a jikin kwali, don shi ne sunan da ke sayarwa.

39/ Kayan lambu kuwa shekarun 1970 ne suka ɗaga su. A 1971 Frances Moore Lappé ta fitar da littafin Diet for a Small Planet, tana kira a rage cin nama. A 1973 aka buɗe gidan abincin Moosewood a garin Ithaca na jihar New York. Matasa masu ƙin nama suna neman abin da zai riƙe ciki. Kish ta amsa kira.

40/ Sai kuma brunch, wato cin abinci da hantsi a haɗe karin kumallo da na rana. Wani marubucin Ingila, Guy Beringer, ya yi kira gare shi a wata maƙala a 1895: ranar Lahadi a bar mutane su yi barci, su tashi su ci mai sauƙi tare da abokai. Kalmar haɗin breakfast da lunch ce.

41/ A shekarun 1930 al'adar ta kama a Amurka. Kish ta dace da ita kamar don ita aka yi ta: ana iya gasa ta tun jiya, ana ci da ɗumi ko da sanyi, guda ɗaya ta isa mutum shida. Ga Ista, ga Ranar Uwa a Lahadi ta biyu a watan Mayu. Ta dawo kan lokacinta na da.

42/ Yayi idan ya yi yawa sai ya jawo gori. A 1982 Bruce Feirstein ya fitar da wani ɗan littafin barkwanci, Real Men Don't Eat Quiche, wato maza na ƙwarai ba sa cin kish. Zolayar masu ji da mazantaka yake yi. Littafin ya sayu fiye da kwafi miliyan 1, kuma da yawa taken kawai suka riƙe.

43/ Sai ga abincin manoma masu faskare da huɗa ya zama alamar ragon namiji a Amurka 😂 Abin dariyar ma, a fim ɗin A View to a Kill na 1985 an nuna James Bond da kansa ya gasa kish. Shi kuma Feirstein daga baya ya shiga cikin marubutan finafinan Bond, ya fara da GoldenEye a 1995.

44/ Mu dawo 2023. An naɗa Charles ranar 6 ga Mayu. Kukun fada, Mark Flanagan, shi ya tsara kish ɗin, don jama'a su yi a liyafar unguwanni: alayyafo, wake irin na ful, ganyen tarragon da cukun cheddar. A naɗin mahaifiyarsa a 1953 kaza aka yi. Wannan karon an zaɓi mai sauƙin kuɗi da sauƙin rabo.

45/ Duk da haka ta sha suka. A gida aka ce ya za a zaɓi abincin ƙwai alhali 'yan watanni kafin nan wasu manyan kantuna suna ƙayyade sayen ƙwai, saboda murar tsuntsaye da tsadar abincin kaji. A Faransa kuma ƙungiyar masu kare kish ɗin Loren ta ce wannan gashin kayan lambu ne kawai, a daina ce masa kish.

46/ Ta fuskar tarihi hujjarsu tana da rauni, mun gani. Amma ka tuna lamba 32 da 33. Mutanen da aka sauya wa harshe da tuta sau 4, sai ka tarar sun fi kowa riƙe ɗan abin da bai sauya hannu ba. Kuma a ranar 1 ga Janairun 2016 aka narkar da Loren cikin sabon yankin mulki mai suna Grand Est.

47/ Wato yau a jerin yankunan mulkin Faransa babu mai suna Loren. Masana'antun ƙarfen da suka riƙe ta sun durƙushe tun shekarun 1970 da 1980, mahaƙar kwal ta ƙarshe ta rufe a 2004. Inda duniya ta fi ambaton sunan a kullum shi ne takardar jerin abinci. Ka ga dalilin zafin kan.

48/ Gargaɗi ga 'yan'uwa Musulmi masu tafiya ko karatu a waje: idan ka ga Lorraine, ko kalmar lardons ko bacon, naman alade ne. Kuma kada ganin ganye ya ruɗe ka. Ita kanta ta naɗin sarautar, a girkin da fada ta fitar akwai kitsen alade a ɓawonta. Ka tambayi abin da aka yi ɓawon da shi.

49/ Wanda zai gwada a gida, ga abin da shekara 600 na wannan girki suka koyar. Na ɗaya, ruwa ne abokin gaba. Alayyafo kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Ka soya shi sama-sama da albasa, ka matse shi sosai kafin ka zuba. Kukun Richard II ma sai da suka matse nasu.

50/ Na biyu, ɓawo. Fulawa giram 200, bota mai sanyi giram 100, ɗan gishiri, ruwan sanyi cokali 3. Ka murtsuke da yatsu, kada ka luda shi kamar biredi. Ya huta minti 30 a firji. Ka gasa shi shi kaɗai minti 15, da takarda da busasshen wake a kai don kada ya kumbura.

51/ Na uku, haɗin ƙwai. Ƙwai 3 ga kirim mililita 300, ko rabi kirim rabi madara. Gishiri, masoro, da gurzajjen cuku kamar giram 100. Ganye a ƙasa, cuku a kai, sannan ka tsiyaya ƙwan. Oben a kan digiri 180, minti 30 zuwa 35.

52/ Na huɗu, sanin lokacin cirewa. Haɗin ƙwai da madara yana kamawa ne a wajen digiri 80 zuwa 85. Idan ya wuce haka ƙwan ya takure ya fitar da ruwa. Ka cire ta tun tsakiyarta na ɗan rawa idan ka girgiza farantin. Ka bar ta minti 15, zafin jikinta zai ƙarasa aikin.

53/ Ka zuba abin da lambunka ya bayar, don haka matan ƙauyen Loren suka yi ranar gashi. Amma idan ka sa ganye da cuku, ka kira ta kish ɗin alayyafo ko ta albasa. Sunan Loren ka bar wa masu shi. Sun biya shi da tsada, kuma ba ya ƙara mata daɗi.

54/ Nan zan tsaya. Wanda ya gwada ya turo hoto a ƙasa, ko ta yi kyau ko ta tsinke, duk muna son gani 😅 Idan zaren ya ƙare ka da wani abu, ka tura wa wani shi ma ya karanta.